Laftanar Gatewood da Apache: Tambayoyi da Amsoshi kan Sojan Dokin da Ya Shawo Kan Geronimo

A ranar 4 ga Satumba, 1886, Geronimo, jagoran yaƙi na ƙabilar Apache, da mutanensa suka miƙa wuya a wani kwazazzabo da ake kira Skeleton Canyon, a kudancin Arizona. Janar Nelson Miles ne ya karɓe su, shi kuma jaridu suka yi wa kirari. Amma wanda ya bi su har cikin duwatsun Meziko, ya zauna da su wuni guda yana rarraba taba, ƙaramin hafsa ne marar lafiya mai suna Charles Gatewood. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da aikinsa da yadda aka gudanar da wannan yaƙi.

Wane ne Gatewood?

An haife shi a 1853 a Woodstock, jihar Virginia. Ya gama makarantar hafsoshi ta West Point a 1877, aka tura shi Runduna ta 6 ta sojan doki a kudu maso yammacin Amurka. Ba a daɗe ba aka ba shi riƙon kamfanin masu bin sawu 'yan Apache a barikin Fort Apache, ya fita da su yaƙi da wani shugaban Apache mai suna Victorio a 1879 da 1880. Dogo ne siriri, mai fama da sanyin ƙashi. Apache sun raɗa masa suna Bay-chen-daysen, wato Dogon Hanci. Sai a 1885 ya samu ƙarin girma zuwa cikakken laftanar, kuma a kan wannan muƙami ya mutu.

Su wane ne Apache, me kuma ya haɗa su faɗa da Amurka?

Apache ba al'umma ɗaya ba ce mai sarki ɗaya. Akwai na yamma, irin su White Mountain da San Carlos da Tonto da Cibecue, akwai Chiricahua, akwai Mescalero da Jicarilla da Lipan. Harsunansu dangin juna ne, amma kowane rukuni da shugabansa, wasu ma ba sa ga-maciji. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane yadda aka yi Apache ya yi wa soja jagora zuwa maɓoyar Apache ba.

Ƙasarsu ta faɗa hannun Amurka ne bayan yaƙinta da Meziko, da yarjejeniyar 1848, da kuma cinikin ƙasa na Gadsden a 1853. Rikici da Chiricahua ya yi tsanani a Fabrairun 1861, lokacin da wani ƙaramin hafsa, George Bascom, ya tsare shugabansu Cochise bisa zargin sace wani yaro, alhali ba mutanensa ne suka sace shi ba. Aka rataye 'yan'uwan Cochise, aka shafe sama da shekara 10 ana zubar da jini. A 1872 aka yi sulhu, aka bar wa Chiricahua duwatsunsu. Cochise ya rasu a 1874, a 1876 kuma gwamnati ta soke wannan yanki ta ce kowa ya tattara ya koma San Carlos, wani fako mai zafi da zazzaɓin cizon sauro a bakin kogin Gila. Duk gudun da aka yi daga baya, daga nan ya samo asali.

Geronimo dai ba sarki ba ne. Jagoran yaƙi ne kuma mai asiri daga rukunin Bedonkohe. Shugaban gado shi ne Naiche, ɗan Cochise.

Yaya rundunar dokin take, nawa ake biya, me ake riƙewa?

Sojan Amurka gaba ɗaya a lokacin bai wuce mutum 25,000 ba. Rundunonin doki 10 ne, kowace da kamfani 12, biyu daga ciki, ta 9 da ta 10, na baƙaƙen fata ne. Kamfanin da yake cike a takarda, idan aka cire marasa lafiya da masu gadi da waɗanda suka tsere, sau da yawa da mutum 40 yake fita. Farabiti yana ɗaukar dala 13 a wata. Ƙaramin laftanar mai doki yana samun dala 1,500 a shekara, cikakke kuma 1,600. Ƙarin girma layi ake bi: sai na gabanka ya mutu ko ya yi ritaya.

Makamin kowa gajeriyar bindiga ce ƙirar Springfield mai cin harsashi ɗaya, da libarba ƙirar Colt. Takobi a bariki ake barinsa, don ba shi da aiki a kan dutse sai ƙara da nauyi. Babbar matsalar Springfield kwanson harsashinta ne na jan ƙarfe. Idan bindiga ta yi zafi ko kwanson ya yi tsatsa, sai ya maƙale a ciki, har soja ya koma ƙwaƙulo shi da wuƙa ana tsakiyar harbi.

Me ya sa sojan doki ya kasa kama mutanen da galibi a ƙasa suke tafiya?

Amsar tana cikin cikin dokin. Ka'idar soja ita ce doki ya ci ingirici kimanin kilo 6 da rabi da hatsi kilo 5 da rabi kowace rana. Dokin bariki da ya saba da hatsi, idan aka bar shi da ciyawar daji, cikin kwanaki kaɗan yake ramewa. Kamfani mai doki 50 yana buƙatar hatsi sama da kilo 270 a rana, kuma keken da zai ɗauko shi ba ya hawa dutse. Ga nauyin mahayi da sirdi da bargo da bindiga da harsashi. Ga duwatsu masu kaifi da ke cire ƙarfen kofato, doki ya fara ɗingishi, mahayi ya sauka ya ja. Tafiyar yau da kullum kilomita 30 zuwa 40 ce. Ana iya ninka ta, amma kwana biyu ko uku kawai, daga nan sai miki ya fito a baya.

Shi kuwa Apache doki a wurinsa abin hawa ne kuma guzuri. Zai hau har dabba ta gaji, ya yanka, a yi kilishi, a wanke hanji a cika shi da ruwa ya zama salka, gaba kuma a kwaso wasu dawakin a wata gona. Kofato da ɗanyar fata ake naɗe shi. A ƙasa ma namiji yana cin kilomita 60 ko fiye a wuni. Ya san kowace rijiyar dutse. Idan aka matsa musu sai su watse kowa ya kama gabansa, su sake haɗuwa a wurin da suka riga suka shirya, soja ya tsaya yana kallon sawu 20 da suka nufi kusurwa 20. Abincinsu na tafiya kuwa, gindin wani tsiro mai kaifin ganye da ake kira meskal, ana gasa shi a rami, a shanya, ya yi watanni bai lalace ba.

Shi ya sa a wannan yaƙi ba a cika ganin sukuwar barade ba. Doki ya kai ka gindin tsauni, sauran aiki na ƙafa ne.

To wace dabara ta yi aiki?

Biyu ne, kuma duk Janar George Crook ne ya tsaya a kansu: alfadari da ɗan gari.

Ayarin alfadarai ɗaya yakan kai dabba 50, da madugu, da mai kula da akumari, da maƙeri, da kuku, da masu ɗaure kaya kamar 10. Akumarin da ake amfani da shi na Meziko ne, ana ce masa aparejo: jakar fata biyu a haɗe, a cusa ciyawa a ciki, a ƙarfafa da ƙananan sanduna. Sirrin shi ne kowane alfadari da nasa akumarin, wanda aka daidaita da bayansa. Idan aka sauke kaya da yamma, mai kula yana shafa bayan dabba. In ya ji kumburi, sai ya jiƙa wurin, ya ɗora akumarin don ya ga inda ya taɓa, ya zare ciyawa daga daidai nan don gobe kada ya danna. Wanda ya yi sakaci da wannan, a mako guda zai mayar da ayari asibiti.

Mutum biyu ke ɗaure kaya, ɗaya a kowane gefe, bayan an rufe wa alfadari ido. Dole nauyin dama da hagu su zo ɗaya, in ba haka ba kaya ya karkace a hawan dutse ya ja dabba cikin rami. A hannun gwanaye alfadari yana ɗaukar kilo 110 ko fiye. Ba a jan su da igiya. Goɗiya ɗaya ake rataya wa ƙararrawa a sa ta gaba, su bi ta duk inda ta sa kai, da dare ma ba sa nisa da ita.

Yaya ake ɗaukar masu bin sawu, me kuma ya sa suka yarda?

Dokar 1866 ta ba soja izinin ɗaukar 'yan asalin ƙasa har 1,000. Yawanci wata 6 ake rubuta mutum, a ba shi albashin farabiti, da bindiga da harsashi da abinci. Suna da sajensu da kofur daga cikinsu, a samansu hafsa ɗaya farar fata da tafinta. Jan ƙyalle suke ɗaurawa a ka don kada soja ya harbe su bisa kuskure.

Dalilan shiga ba a ɓoye suke ba. A San Carlos namiji ba shi da aiki, ba shi da izinin fita, ga iyali. Aikin soja yana ba shi kuɗi da bindiga da damar komawa duwatsu. Wasu tsohuwar gaba ce tsakaninsu da Chiricahua. Wasu kuma Chiricahua ne da kansu, suna so a dawo da danginsu da rai kafin sojan Meziko ya riga su.

Yadda suke aiki shi ne abin lura. Ba sa tafiya a jere. Suna wuce soja da tazarar rabin wuni ko wuni guda, su bazu a kan tuddai, ba mai tsayawa a inda sararin sama zai nuna shi. Daga kashin doki suna gane kwana nawa da wucewa da irin ciyawar da ya ci, wato daga inda ya fito. Dutsen da aka juya, ciyawar da ta kwanta, ɗinkin takalmi, duk magana suke yi. Idan an kusa, ba wuta, ba taba, tafiya sai dare, a kewaye zango, a far masa da asuba. Ko ba a kashe kowa ba, in an ƙwace dawaki da barguna da meskal an karya lagon mutane. Aikin hafsa irin Gatewood shi ne ya iya bin su a ƙasa, ya ci abin da suka ci, ya kuma san lokacin da zai yi shiru. Hafsan da ya ce sai an yi fareti, shi kaɗai zai tsinci kansa a daji. Sai da ɗan gari akan ci gari, kuma Crook bai taɓa ɓoye cewa kusan duk nasarar da ya samu ta hannunsu ta zo ba. A 1875 an ba 10 daga cikinsu, har da Alchesay, lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka.

Sun taɓa juya wa soja baya?

Sau ɗaya, a Cibecue, ranar 30 ga Agusta, 1881. An tura Kanar Eugene Carr na Runduna ta 6 ya kamo wani mai asiri, Nock-ay-det-klinne, ya tafi da masu bin sawun da danginsu ke cikin mabiyan mutumin. Harbi ya ɓarke, suka koma bayan 'yan'uwansu, aka kashe sojoji, aka kashe mai asirin. An rataye uku daga cikinsu a Fort Grant a Maris na 1882. Gatewood yana hutu a gabas lokacin. Laifin a nan na wanda ya tura ɗa ya kamo malamin ubansa ne.

Mene ne aikinsa idan ba a fita yaƙi ba?

Da Crook ya dawo Arizona a 1882, ya damƙa San Carlos ga Kyaftin Emmet Crawford, ya ba Gatewood yankin White Mountain. Aiki ne na hakimi da alƙali da akawu a haɗe: ƙirga maza, waɗanda aka rataya wa kowannensu ɗan ƙarfe mai lamba, sauraron ƙara, raba iri, sayen ciyawa da itace da masara daga hannun Apache don bariki. Ha'inci kuwa ya yi katutu. Laftanar Britton Davis ya gano 'yan kwangilar nama suna hana shanu ruwa, sai ranar awo su ratsa da su kogin Gila su sha su ƙoshi, a auna ruwa a biya kuɗin nama.

A 1884 Gatewood ya kama wani farar fata mai faɗa a ji, wanda alƙali ne a yankin, bisa zargin cutar Apache a ciniki. Crook ya nemi ya janye, ya ƙi. Shari'ar ta watse, mutumin ya maka Gatewood a kotu kan tsare shi ba bisa ƙa'ida ba. Gatewood ya kuɓuta, amma tsakaninsa da Crook ba ta sake daɗi ba. Apache kuwa sun ga abin da ya faru, kuma ba su manta ba.

Me aka yi a shigar Meziko ta 1883?

A Yulin 1882 ƙasashen biyu suka amince soja ya iya tsallaka iyaka idan yana bin sawu. Ranar 1 ga Mayu, 1883, Crook ya shiga tsaunukan Sierra Madre da masu bin sawu 193, da sojan doki 42 kacal, da alfadarai sama da 260 ɗauke da abincin kwana 60. Crawford da Gatewood ke riƙe da masu bin sawun, jagora kuma wani Apache ne mai suna Tsoe wanda ya baro maɓoyar. Faɗa ɗaya aka yi. Abin da ya girgiza Chiricahua shi ne ganin an iso inda suke ganin ba mai isowa. Sama da mutum 300 suka biyo Crook zuwa San Carlos. Geronimo sai a farkon 1884 ya iso, yana kore da shanun da ya kwaso a Meziko, aka ƙwace su. Wannan ma ya riƙe a zuci.

Me ya sa suka sake gudu a 1885?

Dokoki biyu ne suka tsaya musu a rai: hana dukan mata, da hana tiswin, wata giya da ake yi da tsiron masara. Ranar 15 ga Mayu shugabanni suka zo tantin Davis a Turkey Creek, inda aka zaunar da Chiricahua kusa da Fort Apache, suka ce duk sun sha, sai a kulle su gaba ɗaya in za a iya. Davis ya buga wa Crook waya. Saƙon ya bi ta San Carlos, inda sabon kyaftin ya nuna wa shugaban masu bin sawu Al Sieber, shi kuma ya ce shaye-shaye ne kawai, Davis zai iya. Aka jefa takardar a aljihun tebur. Kwana biyu ba amsa, Apache suka ɗauka shirin kama su ake yi. Ranar 17 ga Mayu mutum sama da 130 suka fice, akasari mata da yara. Sun yanke wayar tangaraho a cikin reshen itace suka ɗaure bakin biyu da igiyar fata, ta yadda mai duba layi zai ga waya a miƙe.

Ina Crook ya gaza, me Miles ya canza?

A Janairun 1886 Crawford ya cim ma zangon Geronimo kusa da kogin Aros, amma washegari dakarun sa-kai na Meziko suka harbe shi a ka, ya rasu bayan mako guda. A ƙarshen Maris Crook ya zauna da su a Cañon de los Embudos, aka shirya za su yi shekara 2 a tsare a gabas sannan su dawo. Da dare wani ɗan fasa-ƙwauri ya sayar musu da barasa ya kuma tsorata su. Geronimo da Naiche suka sulale da mutanen da ba su kai 40 ba, sauran kuma aka kai su Florida. Washington ta ƙi amincewa da sharuɗɗan, ta kuma zargi masu bin sawu. Crook ya nemi a sauke shi.

Miles ya zo a Afrilu da ra'ayin cewa farar fata zai iya shi kaɗai. Ya baza soja 5,000, ya kafa tashoshi 27 a kan tsaunuka masu aika saƙo da madubi da hasken rana, ya tura Kyaftin Henry Lawton da likita Leonard Wood cikin Meziko. Dawakinsu suka ƙare tun da wuri, suka koma ƙasa, suka yi wata huɗu cikin zafi da ruwan sama ba su kama ko mutum ɗaya ba. A tsakiyar Yuli Miles ya kira Gatewood daga Fort Stanton. Ya koma dabarar Crook ke nan ba tare da ya faɗa ba.

Yaya ya gano inda suke?

Ya tafi da Chiricahua biyu, Martine da Kayitah, da tafinta George Wratten, da mai alfadarai, da ɗan aike. An umarce shi kada ya kusanci Geronimo da ƙasa da soja 25, amma bai same su ba, kuma da ya same su da ba a tsaya an saurare shi ba. Yana fama da atuni da ciwon mafitsara, hawa sirdi ma da ƙyar. A farkon Agusta ya riski Lawton a kogin Aros.

Labari ya zo cewa mata biyu daga zangon sun shiga garin Fronteras suna maganar sulhu suna sayen abinci da barasa. Hukumar garin tana shirin a yaudari mazan su shigo, a bugar da su, a kashe. Gatewood ya yi kamar ya nufi wani wuri, ya zagaya ya hau sawun matan. Kwana uku suna bi, da buhun fulawa a ɗaure a kan sanda a matsayin farar tuta. Sawun ya kai su wata kwana ta kogin Bavispe, ƙarƙashin wani tsauni. Martine da Kayitah suka hau su kaɗai, ana kallon su ta bakin bindiga. Kayitah yana da ɗan'uwa a cikin mayaƙan, wannan ne ya cece su. Shi ya kwana a can, Martine ya sauko da saƙo: Dogon Hanci ya zo, soja su tsaya baya. Naiche ya ƙara da cewa ba abin da zai same shi muddin ba a ta da fitina ba.

Me ya faru a zaman 25 ga Agusta?

A bakin kogi aka haɗu, cikin inuwa. Mayaƙa suka riƙa ɓullowa ɗaya-ɗaya. Gatewood ya zo da taba kusan kilo 7, aka zazzauna ana naɗawa ana busawa. Geronimo ne ya zo a ƙarshe. Ya ajiye bindigarsa ƙirar Winchester can gefe, ya miƙa hannu, ya tambaye shi me ya ramar da shi haka. Sannan ya zauna daf da shi, har Gatewood yana jin libarbar mutumin tana taɓa cinyarsa.

Saƙon gajere ne: ku miƙa wuya a kai ku Florida wurin 'yan'uwanku, ku jira hukuncin shugaban ƙasa, ko kuwa a yi ta yi har ƙarshe. Wuri ya yi tsit. Geronimo ya shafa fuska, hannunsa yana rawa saboda kwanakin da suka yi suna sha, ya tambaya ko akwai abin kurɓa. Babu. Ya ce su dai a mayar da su Turkey Creek, gonakinsu da rabon abincinsu, ba hukunci, in ba haka ba yaƙi. Gatewood ya ce ba shi da ikon ƙara ko kalma ɗaya. Da rana ta yi sai ya fito da abin da ya riƙe: babu kowa nasu a Turkey Creek, an kwashe Chiricahua zuwa Florida, in sun koma sai dai su zauna cikin abokan gaba. Gaskiyar ita ce a ranar ba a riga an kwashe na Fort Apache ba, sai bayan 'yan kwanaki. Amma maganar ta yi aikinta. Suka koma gefe suka daɗe suna shawara.

Daga nan Geronimo ya shiga tambaya game da Miles, wanda bai taɓa gani ba. Shekarunsa nawa, yaya muryarsa, yana kallon mutum ido da ido ko ƙasa yake kallo, yana da abokai, yana cika alkawari? Da yamma ya ce wa Gatewood ya ɗauki kansa ɗaya daga cikinsu, ba farar fata ba, ya faɗa musu abin da zai yi. Gatewood ya ce shi da zai amince da Miles ya riƙe maganarsa. Washegari da safe suka ce za su je, bisa sharaɗi uku: makamansu na hannunsu, sojan Lawton su bi kusa don kare su daga na Meziko, Gatewood kuma ya ci ya kwana a cikinsu.

Tafiyar arewa gaba kura ce baya sayaki. Dakarun Meziko sun tare su suna neman a ba su fursunonin. Wasu hafsoshin Amurka sun yi raɗe-raɗin a far musu a huta. Miles kansa ya yi ta jan ƙafa, sai 3 ga Satumba ya iso.

Yana jin harshensu ne?

Yana ji gwargwado, amma ba a yin maganar rai da mutuwa da gwargwado. Wratten ne ya ƙware. A zamanin sau da yawa magana takan bi baki biyu, daga Ingilishi zuwa Sifaniyanci, daga nan zuwa Apache, kuma Geronimo ya sha zargin wasu tafintoci, musamman Mickey Free, da juya zance. Abin da Gatewood ya iya shi ne ladabin zama: ba a gaggawa, ba a katse mai magana, ba a ambaton sunan mamaci, ba a alkawarin abin da ba a da iko a kai.

An cika alkawarin?

A'a. Miles ya ce za su ga iyalansu cikin kwana 5. Ranar 8 ga Satumba aka sa su a jirgin ƙasa, aka tsayar da su San Antonio kusan mako 6, domin Shugaba Grover Cleveland ya fi son a rataye Geronimo. Daga nan aka kai maza Fort Pickens, mata da yara Fort Marion, duka a Florida, ba su haɗu ba sai a 1887. Chiricahua kusan 380 da suka zauna lafiya a Fort Apache su ma aka kwashe su, har da waɗanda suka yi wa soja aiki. Chatto, ɗaya daga cikin masu bin sawun, wanda bai daɗe da karɓo lambar azurfa a Washington ba, ya tsinci kansa fursuna. Martine da Kayitah, da suka hau tsaunin nan, su ma haka.

An kai yara makarantar Carlisle a Pennsylvania, tarin fuka ya kashe da yawa. Aka mayar da sauran Mount Vernon a Alabama, a 1894 kuma Fort Sill a Oklahoma, inda Geronimo ya rasu ranar 17 ga Fabrairu, 1909. Sai a 1913, bayan shekara 27, aka sake su. Sama da 180 suka koma yankin Apache na Mescalero a New Mexico, har da Naiche, sauran suka zauna Oklahoma.

Shi Gatewood fa, me ya samu?

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rahoton Miles ya ɗaga Lawton, aka ƙara masa girma. Wood ya samu babbar lambar yabo, ya kai har shugaban hafsoshin sojan ƙasa. Gatewood aka ajiye shi dogarin Miles har 1890, sannan ya koma rundunarsa aka tura su Dakota cikin hunturu, sanyin ƙashi ya kwantar da shi. A Mayun 1892 gobara ta tashi a barikin Fort McKinney da ke Wyoming. Ya shiga dasa nakiya don a rushe gini a datse wutar, ta tashi kafin ya fita, ta lalata masa hannun hagu. A 1895 aka nema masa lambar yabo, ma'aikatar yaƙi ta ƙi, hujjarta ita ce ba a yi harbi a Bavispe ba.

Ciwon daji ya kashe shi a Fort Monroe ranar 20 ga Mayu, 1896, yana da shekara 43. An binne shi a maƙabartar soja ta Arlington. Ɗansa, wanda shi ma ya zama hafsa, ya shafe shekaru yana tattara wasiƙu da shaidar waɗanda suka halarci zaman, kuma takardun suna ajiye a Tucson.